Yatsa Biyu na Mai Katifa

Duk layin an san gidan mai katifa da abu biyu: ɓurɓushin soso da ke bin mutum har cikin kofin shayinsa, da kuma 'yarsa doguwa wadda ba ta iya ganin abu a gicciye ta bi ta ƙarƙashinsa. Igiyar shanya, bencin masu hira, babur ɗin maƙwabci, duk ta tsallake su tun ba ta san ana gasar tsalle a duniya ba. Ƙafafunta sun riga sauran jikinta girma, yara suka laƙaba mata Balbela, sunan ya zauna daram har malamai ma da shi suke kiranta.

Malamin wasanni, wanda kowa ke ce wa Koci, shi ya fara gane abin da ke ƙafafun nan. Wata safiya ta makara, ta tarar an rufe ƙofar makaranta, sai ta ja da baya ta tsallake shingen furanni da jaka a bayanta, ta dira tsulum a gabansa. Ta miƙa hannu tana jiran bulala. Shi kuwa ya dubi shingen, ya dube ta, ya ce ta koma waje ta sake. Da maigadi ne ke tsaye a wurin ran nan, da labarin nan bai wuce bulala ba.

Daga nan ta zama 'yar tsallen sama. Ana gicciya sanda a kan ƙarafa biyu, mutum ya taho da gudu ya tashi, ya wuce ta samanta da bayansa, ya faɗa kan katifa. Ta cinye gasar makaranta, ta cinye ta gari, har ta fara jin ƙamshin tawagar ƙasa. Ana cikin haka aka rufe filin wasan garinsu wai za a gyara shi. Aka tone shi tas, masu gyaran suka tafi suka bar wa awaki. Koci kuma aka yi masa canjin wurin aiki zuwa babban birni. Kafin ta farga ba fili, ba malami, ba katifar faɗawa.

Babanta ya same ta a bayan shago tana sharar hawaye, ya tambayi dalili, ta jero masa. Ya saurara har ta zo kan na ƙarshe.

"Katifa?" ya ce. "Uwata, a gidan nan za ki zauna kina kukan katifa? Tashi, kar maƙwabta su ji su yi mana dariya."

Gajeren mutum ne baban, kullum da tef ɗin awo a wuya da guntun alli a aljihu, ko asibiti za shi dubiya. Ya shekara talatin yana yanka soso yana ɗinka masa riga, kuma yana da ƙa'ida guda da yake alfahari da ita: soson da aka yanka daidai da rigarsa katifar banza yake zama, ta yi yaushi ta yi tattara. Sai an ƙara masa yatsa biyu ya cika rigar ya yi tam. Hannunsa ya saba da wannan ƙari har ba ya shawara da kansa. Labulen gidan duka suna jan ƙasa, rigunan filo kuwa sai an naɗe bakinsu. Umman Balbela takan ce ko ruwa aka ce ya zuba a kofi sai ya zube, don zai ƙara masa yatsa biyu.

Cikin mako guda bayan shagon ya zama fili. Ya tattara ragowar soso na shekaru, ya liƙe su da gam hawa-hawa, ya ɗinka musu rigar tamfol, aka sami katifar da ko daga rufin shago mutum ya faɗo sai dai ya yi hamma. Mai walda na kusa ya haɗa ƙarafa biyu masu hawa da sauka. Baba ya durƙusa da tef da alli ya auna, ya zana layuka, ya bi su da jan fenti da lambobinsu. Sanda kuwa ta gaskiya ce, tsohuwar ta filin wasa, Koci ya bar mata da zai tafi.

Aka raba aiki. Balbela tana tsalle, Baba yana mayar da sanda in ta faɗi, Umma tana riƙe da waya tana ɗaukar bidiyo a aika wa Koci. Kafin a buɗe shago da safe an gama zagaye ɗaya, da yamma in an rufe a yi na biyu. Tsakanin nan akwai gudu a gefen titi, da ɗaga bokitan siminti da aka soka wa ƙarfe, da hawa matakalar benen banki da ƙafa ɗaya har maigadin ya gaji da korarta ya koma yi mata sannu. Farcen babban yatsanta ya fita ya sake tsirowa. Bayanta ya yi zane-zane saboda faɗawa kan sanda. Ƙawayenta suka yi aure, suka sami aiki, suka haihu, ita tana nan tana faɗawa kan soso.

Abin da take nema lamba ɗaya ce. Duk mai son shiga tawagar ƙasa ta je gasar duniya, sai ta tsallake mita ɗaya da santimita tamanin da biyar a gasar tantancewa. 'Yan wasa ba sa faɗin mitar, tamanin da biyar kawai suke cewa. Balbela kuwa ta cije a tamanin da biyu. In jikinta ya yi daɗi takan wuce shi har sau uku a safiya ɗaya, amma da Baba ya ɗaga sanda zuwa jan layin tamanin da biyar, sai ka ce an gina bango. Ta buge ta da kafaɗa, ta buge ta da ƙugu, ta buge ta da dunduniya. Ƙarar faɗuwar sandar ta zama agogon 'yan layin.

Koci yakan kalli bidiyon ya kira waya yana mamaki. "Tashinki ba shi da aibu. Ban gane abin da ke kayar da sandar nan ba. Ki zo gasar kawai mu gani."

Bara ta ƙi zuwa. Ta ce ba za ta hau mota ta je gaban jama'a ta ba da kunya ba, alhali a bayan shagonsu ma abin ya gagare ta. Ta zauna a ɗaki ta kalli gasar a waya, ta ga wata daga ƙungiyar sojoji, wadda ake kira 'Yar Soja, ta wuce tamanin da biyar ta tafi gasar duniya. Ranar Balbela ba ta ci abinci ba.

Bana kuma Gwaggo, yayar Baba, ta shigo maganar. Ta samar mata aiki a ofishin kamfanin waya, ɗaki mai sanyi da kujera mai juyawa, ta ce manajan ya yi mata alfarmar jira har bayan gasar, daga nan ba ƙari. Ba mugunta Gwaggo take yi ba, kowa ya sani. Tana duban 'yar ƙaninta mai shekara ashirin da huɗu da tabo a baya, tausayi ya kama ta, tausayin ya fito da faɗa. Balbela da bakinta ta yi alkawari: za ta je gasar bana, in ba ta tsallake ba za ta rataye takalmin tsallenta mai ƙusoshi, ranar Litinin ta zauna a kujera mai juyawa.

Ranar tafiya Baba ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba a ranar aiki. Umma ta dube shi a bakin tasha ta riƙe haɓa.

"Malam, da tef ɗin za ka shiga birni? Cire shi don Allah, kar a ɗauka ɗinkin kujerun filin aka kira ka."

"In na cire shi wuyana sanyi yake ji," ya ce, ya shige mota.

Filin wasan babban birni ya fi ƙarfin abin da Balbela ta gani a waya. Jar hanyar gudu mai laushi a ƙafa, lasifika na ruri, tutoci na kaɗawa, kujeru hawa-hawa har wuya ya gaji. Zuciyarta ta dinga bugawa, amma ba tsoro ne kaɗai ba, har da wani daɗi da ya sa ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Koci ya tarbe ta, ta ga ya ƙara furfura, ya riƙe kafaɗunta yana dariya. Wajen tsallen yana kusa da shingen 'yan kallo, sai Baba da Umma suka sami wuri a layin gaba, inda in ta matso za su iya magana. Da ta taɓa katifar filin sai ta ji muryar Baba daga bayan shinge yana gaya wa Umma cewa soson mai kyau ne, amma ɗinkin gefen na ganganci ne.

Gurbi ɗaya ake nema, mata goma sha wani abu suka fito. Aka fara daga ƙasa, sanda na hawa, mata na zubewa. Balbela tana da wata ɗabi'a: kafin kowane tsalle sai ta je ta tsaya a ƙarƙashin sanda ta ɗaga kai ta dube ta, sannan ta koma inda za ta fara gudu. Yau duk lokacin da ta tsaya sai ta ga sandar ta yi mata kusa. Ta ce a ranta girman filin ne, komai a cikinsa ƙarami yake zama.

Tamanin ta wuce shi kamar wasa. Aka sa tamanin da biyu, iyakarta ta gida. Ta taho, ta tashi, ta wuce, tana faɗawa ta ji 'yan kallo sun yi shewa. Koci yana tsalle a gefe yana nuna mata da hannu irin sararin da ta bari tsakaninta da sandar. Ba ta taɓa jin tamanin da biyu da sauƙi haka ba.

Da aka sa tamanin da biyar saura su biyu, ita da 'Yar Soja. Kowacce tana da dama uku. Lasifika ta faɗi lambar, ta shiga kunnen Balbela. Shekara biyu tana jin lambar nan tare da ƙarar faɗuwar sanda. Ta taho a ɗaɗɗaure, ta tashi da wuri, ta kwashe sandar da kafaɗa. Alƙali ya ɗaga jar tuta. 'Yar Soja ma ta kayar. A na biyu Balbela ta yi ƙoƙarin gyarawa sai ta ƙara ɓatawa, ta faɗa kan sandar da bayanta, zafin da ta sani sarai ya ratsa ta. 'Yar Soja ta kusa wucewa, ƙugunta ya shafi sandar ta faɗo.

Saura ɗaya ɗaya. Balbela ta zauna a ƙasa tana kwance igiyar takalmi tana sake ɗaurewa, kujerar ofishin da Gwaggo ta samar mata tana juyawa a idonta. Sai ta ji ana kiranta da sunan da mutum ɗaya ne ke kiranta da shi a duniya.

"Uwata. Uwata, zo nan."

Baba ne a jingine da shinge, fuskarsa a murtuke. Ta taso ta matso, Koci ma ya biyo ta.

"Mutanen nan sun yi kuskure," in ji Baba da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tona asirin ɓarawo. "Sandar nan ba ta kai tamanin da biyar ba. Na ga lokacin da kika tsaya a ƙarƙashinta. Kullum ina kallon sararin da ke tsakanin kanki da ita, na san shi kamar tafin hannuna. Wannan ko tamanin da biyunmu na gida ba ta cika ba. Gara a gaya musu tun yanzu, kar ki tsallake daga baya su gano su ƙwace."

"Baba, da ƙarfen awo suka auna, a gaban kowa," in ji Koci.

"Ƙarfe ba ya kuskure ne? Tsaya ka gani."

Ya zare tef ɗin daga wuya. Akwai turken fitila a jikin shingen, ya durƙusa ya ce wa Umma ta danne bakin tef a ƙasa da ƙafarta, ya miƙe yana jan sa sama. Mutanen da ke kusa suka fara leƙe suna murmushi. Ya yi ɗage, ya kai kan tamanin da biyar, ya dafe wurin da babban yatsa, ya ciro alli.

Balbela tana kallon hannun. Ta ga babban yatsan ya dafe lambar daidai, sannan ta ga yatsu biyu sun kwanta a samansa su kaɗai, ba wanda ya aike su, allin kuma ya ja layi a saman yatsun.

"Ga tamanin da biyar," in ji Baba. "Ku duba tasu, ku duba wannan."

"Baba," ta ce a hankali, "ɗaga yatsunka."

Ya dubi hannunsa. Ya dubi lambar da ke ƙarƙashin babban yatsa, ya dubi layin alli can sama da ita. Umma ta saki tef ɗin, ya naɗe ya bugi turken.

"Malam," ta ce, "ƙarafan gida ma ka ƙara musu?"

"Ban..." Ya sake duban yatsunsa. "Ban sani ba. Hannun ne."

Koci ya karɓi tef ɗin ya auna yatsun Baba biyu, ya yi lissafi a kansa, sai ya dafe ƙeya ya fara wata irin dariya mai kama da tari. Ya juyo ya kama Balbela ta kafaɗu yana girgiza ta.

"Santimita huɗu. Kin ji? Abin da kike kira tamanin da biyu a gida, tamanin da shida ne. Sandar can da kike jin tsoro, kina tsallake wadda ta fi ta kafin ki sha shayi."

Lasifika ta kira lambarta. Ba lokacin fushi, ba lokacin kuka, ba lokacin ma ta gama fahimta. Ta koma fili da gudu, ta tsaya a ƙarƙashin sandar ta ɗaga kai. Wannan karon ba ta saurari lambar ba, sararin ta duba. Ta san shi. Sandar safiya ce, wadda Baba ke sa wa yana hamma, Umma na cewa a yi sauri ruwan zafi zai huce. Dariya ta taso mata daga ciki, ta danne ta da ƙyar.

Ta koma wurin farawa, ta ɗaga hannu sama ta fara tafi a hankali, abin da ba ta taɓa samun ƙarfin halin yi ba. Filin ya amsa. Tafin ya dinga sauri, ta jingina baya, ta saki jiki ta taho. Ƙafafun nan da aka yi ta yi wa dariya suka buɗe, ta lanƙwasa gudun kamar yadda ta yi sau dubbai tsakanin bangon shago da tulin soso, ta dasa ƙafar hagu, ƙasa ta sake ta. Ta ga sama, ta ga tutoci a kife, kafaɗa ta wuce, baya ya wuce, ƙugu ya wuce. Murna ta sa ta yi saurin sakin ƙafa, ta ji bayan ƙwaurinta ya shafi sandar.

Ta faɗa kan katifa idonta a sama. Sandar tana rawa. Ta yi tsalle a kan maɗorinta, ta matsa gefe, ta dawo, tana karkarwa daga wannan baki zuwa wancan. Filin ya yi tsit, har ana jin tutoci na kaɗawa. Balbela ta ƙi motsi, ta ƙi numfashi, kamar numfashinta zai iya ture ta. Rawar ta ragu, ta ragu, sandar ta zauna. Alƙali ya ɗaga farar tuta.

Ihun da ya tashi bai shiga kunnenta duka ba, don nata ya fi ƙarfi. Ta diro daga katifa ta ruga, ta dawo, ta rasa inda za ta nufa. Koci ya jefar da hularsa sama bai damu da inda ta sauka ba. Umma, wadda ta shekara biyu tana ɗaukar faɗuwar sanda a bidiyo ba ta kuskure ko ɗaya ba, sai da aka gama ta lura wayar tana cikin jaka.

Amma ba a gama ba, saura damar 'Yar Soja ta ƙarshe. In ta wuce za a ƙara sanda a ci gaba. Balbela ta tsaya a gefe hannu a ƙirji tana kallo. 'Yar Soja ta taho da gudu mai kyau, ta tashi, kuma duk wanda ya san wasan ya ga ta fi Balbela tashi. Jikinta duka ya wuce da sarari. Dunduniya ce kawai ta ɗan taɓa sandar, taɓawar da ba ta kai ta Balbela ba. Sandar ta yi rawa, ta matsa gefe, ta tsaya kamar za ta zauna. 'Yar Soja har ta miƙe a kan katifa ta ɗaga hannu, sai sandar ta gangaro ta faɗi a gaban ƙafarta.

Balbela ta ci. Lasifika ta faɗa, Koci ya faɗa, mutanen da ba ta sani ba suna miƙo hannu ta shinge. Ta ratsa su ta je inda 'Yar Soja ke zaune tana cire takalmi. Kusa da kusa ta ga ƙafar: farcen babban yatsa baƙi ƙirin, ɗaurin bandeji a idon sawu, irin nata sak.

"Kin fi ni tashi a na ƙarshen nan," in ji Balbela.

"Na sani," 'Yar Soja ta ce, ba ta ɗago ba. Sannan ta ɗago da jajayen idanu, ta yi murmushin dole. "Taki ta yi rawa ta zauna, tawa ta yi rawa ta faɗi. Bara tawa ce ta zauna. Ke ina kika shiga bara? Na ji labarinki, na yi ta duba hanya."

Sai a lokacin abin ya sauko wa Balbela gaba ɗaya. Bara ma tana wuce tamanin da biyun gida. Ranar da ta rufe kanta a ɗaki tana kallon waya tana kuka, da safen ranar ta tsallake abin da ya fi wanda ya kai wata gasar duniya. Shekara guda cur ta tafi a kan yatsa biyu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon ya cakuɗu da murnar har ta kasa raba su. Ta rungumi 'Yar Soja, ta tashi ta nufi shinge.

Umma tana ta amsa waya, muryar Gwaggo na fitowa tana cewa ita dama ta san yarinyar nan za ta yi abin kirki. Baba kuwa yana zaune a kujera shi kaɗai, ya cire tef ɗin daga wuya ya dunƙule shi a hannu. Wuyan ya yi wani iri, kamar ba nasa ba. Shi ma ya yi lissafin bara, ta gani a fuskarsa.

"Uwata," ya ce, bai iya haɗa ido da ita ba. "Duk kukan da kika yi a bayan shagon nan, ni ne. Ina tsaye ina mayar miki da sanda ina ce miki ki daure, ashe ni na ɗora miki abin da ba a ɗora wa kowa ba. Na ci miki shekara."

Ta tsallake shingen, wanda a wurinta ba komai ba ne, ta durƙusa a gabansa. Ba ta ce masa "ba komai" ba, don da komai, kuma ba ta saba yi masa ƙarya ba.

"Ka ci min shekara, Baba," ta ce. "Amma da ka auna daidai, da ranar da na wuce tamanin da biyar na fara hutawa. Na san halina. Shekara biyu ina kai wa tamanin da tara hari ban sani ba. Koci ya ce a gasar duniya daga wajen nan ake fara maganar manya."

Ya share ido da bayan hannu. "Muna komawa gida zan kankare fentin nan duka. Koci ya zo da ƙarfensu ya auna, ni ba zan ƙara taɓawa ba."

Ta zare tef ɗin daga hannunsa, ta warware shi, ta mayar masa a wuya, ta gyara bakinsa biyu suka yi daidai a ƙirjinsa.

"Kar ka kankare komai," ta ce. "Jibi da safe ka sa min ita a jan layin nan naka na tamanin da biyar. Ni da ita ba mu gama ba."